Asibitin dabbobin da ya karɓi kunkurun Goggo lokacin da ƙwai ya maƙale mata

Duk mai kunkuru a gida a nan Zariya, ko wanda iyayensa ke ajiye da shi, don Allah ya ɗan tsaya ya karanta wannan. Magana ce a kan wani ƙaramin asibitin dabbobi mai zaman kansa da muka kai macen kunkurun Goggona lokacin da ta kasa yin ƙwai, kuma tun farko bari in faɗi matsayata, wurin ya cancanci a je, likitan ya san aikinsa ƙwarai, amma akwai abubuwan da wallahi suna buƙatar gyara kuma zan faɗe su ba ɓoye-ɓoye. Ban kama sunan wurin ba saboda akwai ƙorafi a cikin bayanina, ni kuma ba tozarta kowa na zo yi ba, so nake mutane su san irin aikin da ya kamata a yi musu in sun kai irin wannan dabbar, da irin wanda bai kamata su yarda da shi ba.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne Zariya fa garin likitocin dabbobi ne. Ga tsangayar koyon likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da asibitin koyarwarta, ga cibiyar binciken dabbobi a Shika, ga shagunan maganin dabbobi birjik a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru. Amma kusan duk hankalin shagunan nan yana kan kaji ne da awaki da shanu, sai kare da mage jefi-jefi. Da zarar ka ce kunkuru ne ba lafiya sai ka ga an tsaya ana kallonka. A wani shago ma da na yi bayani, ko dabbar bai gani ba, yaron shagon ya ɗauko min kwalbar allurar naƙuda irin wadda ake yi wa saniya ya ce in je in yi mata zai fito. Allah ya sa ban karɓa ba, kuma duk dalilin wannan dogon rubutun nawa a kan wannan kwalbar yake.

Kunkurun Goggo irin manyan nan ne na Sahel, masu launin ƙasa-ƙasa da kaifafan ƙaya a cinya, waɗanda a duniya su ne na uku a girma bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabara. Ta daɗe a gidan, yaran gidan duk sun taso sun same ta. A cikin hunturu ne ta fara ƙin cin abinci, sai yawo take yi daga wannan kusurwa zuwa waccan tana tono da ƙafafun baya, ta kankari siminti ta kankara har faratanta suka fara cinyewa, daga baya kuma yawon ma ta daina, ta samu wuri ƙarƙashin tankin ruwa ta lafe, in ta tashi tafiya sai ka ga tana jan ƙafar baya kamar ba tata ba. Da farko kowa cewa ya yi sanyi ne. To ai nan matsalar take, dabba ce da ba ta kuka ba ta nishi, ba za ta nuna maka ciwo a fuska ba, kafin ka ga alama a fili abin ya daɗe yana cinta.

Da muka isa, ni da ƙanina da Goggo, a keke napep da ita cikin babban baho, ba a ɓata mana lokaci wajen yankar kati ba. Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne likitan bai yi gaggawar taɓa ta ba, zama ya yi ya gaida Goggo cikin ladabi, ya ce Hajiya ki ba ni labarinta tun daga farko. Sai tambayoyi, me take ci, ina take kwana, tana samun rana kai tsaye ko a inuwa take wuni, akwai ruwan da take shiga, yaushe rabonta da kashi, ta taɓa yin ƙwai, akwai namiji a gidan ko an taɓa haɗa ta da namiji ko da shekarun baya ne, tsakar gidan ƙasa ce ko siminti. Yana tambaya yana rubutawa. Ni a raina na ce to wannan ya taɓa ganin irin wannan matsalar, domin tambayar siminti ba kowa zai yi ta ba.

Goggo ta ce mishi, likita ai ba ta da miji, ta ina ƙwai zai zo. Ya yi murmushi ya ce Hajiya macen kunkuru in ta balaga tana iya yin ƙwai ko babu namiji, sai dai ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba. Ya ƙara da cewa in ma ta taɓa haɗuwa da namiji, jikinta yana iya ajiye maniyyinsa na shekaru, shi ya sa wani lokacin mutum zai sayo mace ita kaɗai bayan dogon lokaci ya ga ta yi ƙwai mai ɗa. Wannan bayanin kaɗai da mutane sun san shi da an ceci da yawa, domin mafi yawan masu ajiye mace ɗaya ko a mafarki ba sa kawo maganar ƙwai.

Aka ɗora ta a sikeli, ya duba ido da baki da hanci, ya danna ƙoƙon bayanta da na ƙirji ya ji ko akwai laushi, sannan ya sa safar hannu ya zura yatsa a ramin nan da ke gaban ƙafar baya, inda fata ce kawai ba ƙoƙo, ya ɗan karkata ta gefe a hankali. Ya ce yana jin abu mai tauri zagayayye amma yatsa ba ya isa hujja, don dutsen mafitsara ma haka ake jinsa, kuma irin wannan kunkurun suna yawan yin dutse in ba sa samun ruwa isasshe. Nan ne na kawo mishi maganar allurar naƙuda, na ce likita wani ya ce a yi mata kawai. Fuskarsa ta canza. Ya ce ba zai yi mata ko ɗigo ba sai ya ga hoton cikinta, ko da za mu ɗauke ta mu tafi wani wuri.

Bayanin da ya yi mana a nan shi ne abin da na fi ɗauka da muhimmanci a duk zuwanmu, kuma zan yi ƙoƙarin kawo shi yadda na fahimta. Matsalar ƙwai a dabbobi masu jan ciki iri biyu ce manya, kuma a ido alamominsu kusan ɗaya ne amma maganinsu ya sha bamban. Na farko shi ne ƙwan ya gama haɗuwa, ya yi ɓawo, ya sauko cikin bututun da zai bi ya fita, sai ya tsaya. Wannan yana iya zama saboda dabbar ba ta samu wurin tono ba sai ta riƙe, ko jikinta ba ƙarfin yunƙuri saboda ƙarancin kalsiyam ko rashin ruwa ko sanyi, ko kuma akwai abin da ya tare hanya, kamar ƙwai ɗaya ya yi girma fiye da kima, ko ya fito a karkace, ko biyu sun manne, ko ƙashin ƙugu ya tsuke saboda ta taso ba abinci mai kyau, ko dutsen mafitsara ya tokare. Na biyu kuma tun a gidan ƙwai abin yake tsayawa. Duk wanda ya taɓa gyara kaza mai ƙwai ya san tarin gwaiduwar nan manya da ƙanana marasa ɓawo da ake samu a manne a bayanta, to irinsu ne suke girma a cikin kunkuru, maimakon su sauko su zama ƙwai ko jiki ya shanye su ya huta, sai su tsaya cak a wurin, wata da watanni, suna cika ciki suna lalacewa. Su waɗannan dabbobin ba su da tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki kamar namu, kuma kunkuru ƙoƙo ne ya kewaye shi ba inda ciki zai buɗe, don haka tarin yana danne hanji da huhu, ta daina ci, numfashi ya yi wuya. In ɗaya ya fashe gwaiduwar ta zube a cikin ciki, kumburi da ruɓa ne ke biyo baya, kuma da yawa a nan suke mutuwa.

To ita allurar naƙuda, wato oksitosin, aikinta kawai ta sa bututun ya matse ya turo abin da ke cikinsa. In ƙwan yana bututu kuma hanya a buɗe take, tana aiki sosai a kunkuru. In hanya a toshe take ka yi allurar, ka sa bututu yana matsa abin da ba zai wuce ba, ko ƙwan ya fashe a ciki, ko bututun ya yage, ko ya zazzago waje, har akwai lokacin da ƙwan ke kauce hanya ya faɗa cikin mafitsara. In kuma matsalar ta gidan ƙwai ce, allurar ba abin da za ta yi sam, babu abin turowa, ka dai wahalar da dabba ka ɓata lokaci. Ka ga ke nan kwalba ɗaya, a wani hali magani, a wani hali ajali, kuma ba mai iya bambancewa da ido. Wannan tsayuwar da likitan ya yi a kan sai an ga hoto ita ce ni a wurina ta biya duk kuɗin da muka kashe.

Sai dai a nan ƙorafina na farko ya fara, kuma babba ne. Ba su da na'urar ɗaukar hoton ƙashi a wurin. Takarda ya rubuta mana muka sake ɗaukar dabba mai nauyi marar lafiya muka nufi wani wurin daban, can ma sai da aka yi ta roƙo kafin su yarda su ɗora kunkuru a tebur, ga an ɗauke wuta sai da aka jira aka tada janareta, sannan muka dawo. Goggo tsohuwa ce, dole muka bar ta a asibitin tana jira a benci. Na san na'urar nan ba arha gare ta ba, ba kuma na cewa dole kowane ƙaramin asibiti ya mallaka, amma tunda sun san suna tura mutane, me zai hana su yi yarjejeniya tsayayya da wuri ɗaya, su kira waya kafin ka isa, ka je a san da zuwanka? Wannan ba kuɗi yake ci ba, tsari ne kawai. Na'urar sikanin kam suna da ƙarama, kuma da ita ya duba gidan ƙwan ta wannan ramin gaban ƙafa, don ita gwaiduwa marar ɓawo ba ta fitowa sosai a hoton ƙashi, sikanin ne ke nuna ta.

Da hoton ya zo ya ɗaga shi a haske ya kira Goggo ta matso, ya nuna mata da biro. Ga su nan reras, farare zagayayyu, goma sha wani abu. Ya ce irin wannan kunkurun in ta kai girma tana yin daga 15 zuwa 30 a zubi ɗaya, don haka yawan ba abin tsoro ba ne. Abin da yake nema shi ne ko akwai wanda ya fashe, ko wanda ya fi ƙofar ƙugu girma, ko dutse. Babu ko ɗaya, Alhamdulillahi. Amma ya nuna mana yadda ɓawon wasu ya yi kauri fiye da sauran, ya ce alama ce sun daɗe a ciki jiki yana ta ƙara musu rufi. Goggo ta yi shiru can ta ce ikon Allah, ashe baiwar Allah nan naƙuda take ta yi muna cewa sanyi ne.

Ko a nan ɗin ma bai yi tsalle ya kai ga allurar ba. Ya ce jikin da ya bushe kuma ya yi sanyi ba ya karɓar magani, su jininsu da zafin wuri yake tafiya, kuma a hunturun Zariya da dare sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, ita kuma tana buƙatar wajen digiri 30 kafin jikinta ya yi aiki yadda ya kamata. Aka fara da jiƙa ta a ruwa mai ɗumi wanda bai kai hancinta ba, aka yi mata ƙarin ruwa ta allura, aka ɗebi jini, aka ba ta kalsiyam. Sannan ya ce mu koma gida mu yi mata wurin tono tukunna, ƙasa da yashi a gauraye, da ɗan danshi yadda in ta tona ramin ba zai rufta ba, zurfin ya kai tsawon jikinta ko ya fi, a wurin da rana ke bugawa kuma ba hayaniya, a hana yara leƙe. Ya ce da yawa daga cikinsu wannan kaɗai ya ishe su. Gaskiya na yaba da wannan, domin wanda kuɗi kawai yake nema ba zai tura ka gida ka gwada abin da ba zai ci ko sisi a kai ba.

Ina so in ɗan tsaya a kan maganar simintin nan saboda ta shafi gidaje da yawa. Gidajenmu na da a cikin birni tsakar gida ƙasa ce, kunkuru zai tona raminsa ya shige lokacin zafi, macen ta tona ta binne ƙwanta ba wanda ya ma sani. Yanzu kowa ya shafe gida da siminti ko tayil ko intalok, an yi gyara an ji daɗi, amma ba wanda ya tuna da dabbar da ke yawo a gidan. Ita kuma halittarta ce ba za ta zubar da ƙwai a fili ba in dai tana da iko, za ta riƙe ne tana neman wuri, kuma lokacin ƙwansu yawanci bayan damina ne zuwa cikin rani, daidai lokacin da ko ƙasar ma ta bushe ta yi tauri. In har ka iya ajiye ta, ka iya bar mata kusurwa ɗaya ta ƙasa.

Tamu dai ta tona amma ba ta yi ba, ƙarfinta ya riga ya ƙare. Muka mayar da ita, ya sake ɗumama ta, ya sake ba ta kalsiyam, ya jira kamar awa ɗaya sannan ya yi mata oksitosin ɗin daidai nauyinta, ya sa ta a wani ɗaki shiru. Ba a daɗe sosai ba suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, yaron asibitin yana kwashewa yana jerawa a tire, likitan yana ƙirgawa yana gwadawa da adadin da ke hoto. Ɗaya ya rage. Bai ɓoye mana ba, ya ce saura ɗaya kuma ba zai yi ta ɗura mata allura ba iyaka ba, mu je gida mu sa ido, in ya wuce lokacin da ya ɗiba mana bai fito ba sai an sake hoto. Ya fito da kansa a ramin da muka yi mata. Wannan ƙirgar ma abin lura ce, wanda bai yi hoto ba ta ina zai san saura nawa?

Ƙorafi na biyu a kan yaran wurin ne. Likitan ya iya riƙe ta, amma ɗaya daga cikin masu taimaka mishi da zai kai ta sikeli sai ya kifar da ita a baya ya ɗauko ta ƙafafu a sama. Dabbar da cikinta ke cike da ƙwai, huhunta kuma a sama yake ƙarƙashin ƙoƙon baya, in ka juya ta duk nauyin cikin a kan huhun yake sauka, ga haɗarin ƙwai ya gauce. Likitan ya tsawata mishi nan take, na ji daɗin hakan, amma ya nuna cewa ilimin a kan mutum ɗaya yake. Ran da ba ya nan fa? Na tambaya aka ce shi kaɗai ne yake duba irin waɗannan. Haka kuma wurin jira ɗaya ne da na karnuka, wani katon kare yana ta haushi a kanta ta shige ƙoƙo ta ƙi fitowa, sai da aka ɓata lokaci kafin ta saki jiki a duba ta. Kuma ba su da ɗakin kwantarwa mai ɗumi na irin waɗannan dabbobin, da fitila da butar ruwan zafi aka yi dabara. Ya yi aiki, amma dabara ce.

Maganar kuɗi, ba zan ce arha ba ne. Ganin likita da allurai ba su yi tsada ba, hoto da gwajin jini da zirga-zirgar keke su suka ci kuɗin. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne jimla kawai aka faɗa min da baki, sai da na ce a rubuta min kowane abu da kuɗinsa sannan aka ba ni rasit a rarrabe. Da aka rubuta ɗin ban ga cuta a ciki ba, komai ya yi daidai, to me ya sa sai an roƙa? Suna karɓar taransifa. Bayanin kula da ita a gida ma da baki aka yi shi, ni na riƙa rubutawa a waya, da Goggo ce ita kaɗai ta je rabin abin zai zube a hanya. Takarda guda da Hausa ta isa ta magance wannan.

Na tambaye shi da a ce ɗaya matsalar ce, ta gidan ƙwai, ya za a yi. Ya ce in an kama da wuri kuma dabbar na da ƙarfi akan gyara abinci da zafi da wurin zama a sa ido da sikanin ko jiki zai shanye, amma in ta tsaya ta ƙi, tiyata ce, a cire gidan ƙwan gaba ɗaya. A kunkuru ko dai a shiga ta ramin gaban ƙafa, wanda ya fi saurin warkewa, ko a yanka ƙoƙon ƙirji kamar taga a buɗe a yi aiki a mayar a like, shi kuma ƙoƙon kafin ya haɗe sosai sai ya ɗauki shekara ko fiye. Ya faɗa min kai tsaye cewa shi ba ya yin wannan a wurinsa, ba shi da kayan, in ta kai ga haka takarda zai rubuta zuwa asibitin koyarwa na Samaru. Mutumin da zai ce maka nan iyakata, ni na fi yarda da shi a kan mai cewa komai zai iya.

Ya kuma ce ba kunkuru kaɗai ba ne, damo da guza da hawainiya da ƙadangarun da Turawa ke ajiyewa a gida duk suna yi, su ƙadangaru ma tsayawar gwaiduwa a gidan ƙwai ta fi yawa a cikinsu, macizai kuma irin su mesa ƙwan ne ke maƙalewa a bututu. Kuma allurar oksitosin ba ta cika aiki a maciji da ƙadangare kamar yadda take yi a kunkuru ba. Abin da ya ja kunnena a kai sosai shi ne masu matsa cikin maciji da hannu wai su turo ƙwai, bututun siriri ne ƙwarai, yagewa yake.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya yi wanda nake roƙon duk wanda ya karanta ya isar wa wani. Maganin tsutsa da kaska ɗin nan aibamektin, wanda makiyaya suka fi sani da Ivomec, da ake yi wa awaki da shanu da karnuka, guba ne ga kunkuru. Yana shanye musu jiki ya kashe su ko da kaɗan ne. Kuma shi ne abu na farko da hannu ke kaiwa gare shi a shago in an ce dabba ta rame ba ta ci. Kar a yi mata, kar a bari wani ya yi mata.

Ta fannin abinci ma ya gyara mana abubuwa. A gidaje da yawa kunkuru ragowar tuwo da shinkafa da burodi yake ci, alhali shi mai kiwo ne, ciyawa ce asalin abincinsa, ɗanya da busasshiya, sai a haɗa da ganye irin su yakuwa da rama da ganyen kabewa da zogale kaɗan, 'ya'yan itace kuma ba kullum ba. Alayyafo kar ya yi yawa don yana hana jiki cin moriyar kalsiyam. Ɓawon ƙwan kaza a dafa a shanya a daka a riƙa barbaɗa mata, tunda duk ɓawon ƙwan da za ta yi daga jikinta ake cire shi, in babu a abinci daga ƙashinta za a ɗiba. Rana kai tsaye dole ce, ba ta bayan gilashin taga ba, da ita jiki ke haɗa sinadarin bitamin D da ke sa kalsiyam ya shiga, amma a bar mata inuwar da za ta gudu in zafi ya yi yawa. Ruwa kuma a faffaɗan abu marar zurfi da za ta iya shiga ta fita, maganar da ake yi cewa kunkuru ba ya shan ruwa ba gaskiya ba ce. Ƙiba ma matsala ce, mace mai kitse ta fi shiga wannan halin. Ya ce a riƙa wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, musamman yara, saboda ƙwayar salmonela da suke ɗauke da ita ba tare da ta dame su ba.

Wani abu da ya faɗa a gefe ya tsaya min a rai, cewa irin wannan babban kunkurun yana ƙarewa a daji, tun 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ɓacewa, saboda kamawa da ake yi ana sayarwa da kuma kiwo da ya cinye musu wurin zama. Dabbar da za ta iya haura shekara 70 a raye, a ce ta mutu a tsakar gida saboda ba ta samu ƙasar da za ta tona ba, abin da ciwo wallahi.

Bayan mun gama bai watsar da mu ba, ya riƙa tambaya ta WhatsApp ko ta fara ci, ya ce in turo mishi bidiyon tafiyarta ya ga ƙafar bayan, bai kuma caje mu a kan wannan ba. Cin abincin bai dawo nan da nan ba, a hankali ta fara da ganyen yakuwa, yanzu kam tana kiwonta, ƙafar ma ta saki. Ya ce tunda ta yi sau ɗaya za ta iya sake yi duk shekara, don haka ramin ƙasar nan ya zama na dindindin, kuma a riƙa auna nauyinta lokaci-lokaci, in ta ƙara nauyi alhali ta rage ci a kawo ta.

In maki zan ba su, huɗu cikin biyar, ɗayan da na cire na rashin hoto a wurin ne da yaran da ba a koya wa riƙon dabbar ba. Wanda zai je irin wannan wurin, ko nan ko wani, ya fara kiran waya ya tabbatar likitan da ke duba masu jan ciki yana nan, ya je da safe saboda in an tura shi hoto ya samu ya dawo kafin a tashi, ya sa ta a baho da tsumma a ƙasa cikinta na kallon ƙasa, ya rufe ta daga iskar hanya in lokacin sanyi ne. Ya ɗauki hoton inda take kwana da abin da take ci a waya, za a tambaya. In ka ga tana yunƙuri ba abin da ke fita, ko wani abu ja ya leƙo ta bayanta, ko ruwa mai wari, wannan ba na jiran gobe ba ne, ka rufe wurin da tsumma mai tsabta mai danshi kar ya bushe ka kama hanya. Ma'aikatan wurin dai ba sa kwana a asibitin, in dare ne sai dai ka kira lambar likitan da ke jikin katin.